Ƙafar Manzo da Sunan Mai Littafi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla, a Damagaram ko a Kance ko a Daura, ya ga zagi. Shi ne ke tafe a ƙasa gaban dokin sarki yana buɗe hanya; in doki ya yi taku ya yi taku, in ya yi sassarfa ya yi sassarfa. Yau aikin ya koma na ado, daga fada zuwa filin idi a komo. A da kuwa, sa'ad da sarki ke fita rangadi ko yaƙi, duk zangon da doki ya ci da ƙafa huɗu, zagi da ƙafa biyu yake cinsa. Amma in aka buɗe jerin sarakunan kowace masarauta, sunan mahayin za a tarar, da shekarun da ya yi bisa gado, da garuruwan da ya ci. Sunan zagi ne babu.

Haka abin yake ga manzo. Wasiƙun da suka riƙa kai da komo tsakanin Sakkwato da masarautunta a ƙarni na 19, da dama suna nan ajiye a gidajen adana tarihi, da larabcinsu da hatiminsu. Takarda ta faɗi wanda ya aiko ta, ta faɗi wanda aka aika wa. Shi kuwa wanda ya rataye ta cikin gafaka ya keta daji da ita, sau da yawa ba ta san da zamansa ba. Wannan rabon aiki, wani da ƙafa wani da suna, shi ne ya haifi wasan da ake kira maraton, shi ne kuma ya haifi ɗaya daga cikin littattafan Hausa na farko da injin ɗab'i ya buga. Na biyun ya shafi wannan yanki kai tsaye, domin yaron da ya ba da ƙafar, ya kuma ba da bakin, ɗan ƙasar Kance ne.

Maraton, wanda gidajen rediyo ke kira gudun famfalaki ko gudun yada-ƙanin-wani, daga cikin littafi ya fito. Girkawan dauri suna da wasannin tsere, amma mafi tsawonsu bai kai kilomita 5 ba. Masu dogon gudu a wurinsu ma'aikata ne, ƴan aiken hukuma, waɗanda sunan sana'arsu ke nufin masu yini suna gudu. Herodot, wanda ya rubuta tarihin yaƙin Girkawa da Farisawa, ya ba da labarin ɗaya daga cikinsu mai suna Filifides. A shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, da rundunar Farisa ta sauka a filin Maraton, mutanen birnin Atina suka aike shi Sparta neman gudummawa, ya isa washegarin ranar da ya tashi. Tazarar ta kai kilomita 240, kamar a ce mutum ya bar Damagaram yau da safe, ya bi ta Matamai da Ɗan Barto da Daura, gobe ya shiga Kano. Aiken kuwa bai biya ba: mutanen Sparta suka ce ba su fita sai wata ya cika, kafin su iso an gama yaƙi.

Herodot bai ce uffan ba game da wani da ya sheƙo daga Maraton zuwa Atina da albishirin nasara, ya faɗi ya mutu. Wannan labari sai bayan shekara fiye da 500 ya ɓulla, a rubutun Plutak, shi ma da waɗansu sunaye biyu daban. Lusiyan, marubucin barkwanci, shi ne ya liƙa wa Filifides shi. A 1879 mawaƙin Ingila Robert Browning ya haɗe tafiyoyin biyu cikin waƙa guda, domin mutuwa a bakin ƙofar gari ta fi daɗin waƙa bisa ga aiken da bai yi amfani ba. A 1894, shekarar da Pierre de Coubertin ya tara mutane a jami'ar Sorbonne don farfaɗo da wasannin Olimpik, sai wani dattijo mai shekara 62, malamin harsuna, Michel Bréal, ya kawo shawarar a yi tsere daga Maraton zuwa Atina, ya yi alkawarin kofin azurfa. Malaman Faransanci sun san Bréal ta wata fuska: shi ne ya raɗa wa ilimin ma'anar kalmomi sunan da ake koyar da shi har yau a jami'o'i. Ranar 10 ga Afrilu 1896, wani ɗan ga-ruwa daga ƙauyen Marusi, Spiridon Luwis, ya ci kilomita 40 ɗin cikin awa 2 da minti 58 da daƙiƙa 50, ya ɗauki kofin, ya koma ƙauyensu bai sake shiga tsere ba. A 2012 jikansa ya sayar da kofin a birnin Landan kan fam fiye da 540,000.

Littafi ne ya haifi wasan, jarida ce ta raine shi, don ta gano yana sayar da takarda. A watan Yuli na 1896 ɗin, jaridar Le Petit Journal ta shirya nata maraton a Paris. A wasannin Landan na 1908, inda aka fara auna kilomita 42 da mita 195, tazarar da aka tsayar a matsayin doka a 1921, wani ɗan Italiya mai yin alewa, Dorando Pietri, ya shigo filin wasa a gaba, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, har alƙalan wasa suka tallafe shi ya ƙetare layi, saboda haka aka soke nasararsa. Ba'amurke Johnny Hayes ne ya ci zinariya. Sai dai Arthur Conan Doyle, mai labaran Sherlock Holmes, yana zaune a wurin yana rubuta wa jaridar Daily Mail rahoto, kuma faɗuwar Pietri ya gani. Ya rubuta, ya buɗe masa asusun taimako, aka tara masa fam kimanin 300. Har yau wanda ya faɗin ake tunawa.

Da ƴan Afirka suka shigo wannan fage, ƙafafunsu suka riga sunayensu isa. A wasannin Saint-Louis na Amurka a 1904, waɗansu Tswanawa biyu daga Afirka ta Kudu, Len Taunyane da Jan Mashiani, suka zo na 9 da na 12. Magatakardan wasa suka rubuta Lentauw da Yamasani, jaridu suka ce Zulu ne, aka bar su a haka shekara da shekaru kafin wani mai bincike na ƙasarsu ya gyara. A 1928 a Amsterdam, Boughéra El Ouafi, ɗan Aljeriya lebura a kamfanin motoci na Renault, ya ci wa Faransa zinariya. Ya tafi Amurka ya yi tseren kuɗi, hukumar wasanni ta kore shi daga cikin ƴan sha'awa, ya ɓace cikin talauci. Sai da wani ɗan Aljeriyar, Alain Mimoun, ya ci maraton na Melbourne a 1956 sannan ƴan jarida suka tuna akwai wani kafin shi, suka lalubo shi, jaridar L'Équipe ta nema masa taimako. Harsashi ya kashe shi a Saint-Denis a watan Oktoba 1959, ana tsakiyar yaƙin Aljeriya. Littafin zane da Nicolas Debon ya yi kan tserensa ya fito a 2021, shekara 93 bayan nasarar. Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci maraton na birnin Rum a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokyo a 1964, ya fi su sa'a: ƴarsa Tsige ce ta rubuta tarihinsa a 1996, tun kafin marubutan Ingila da Faransa su yi nasu.

A nan akwai abin lura game da ƙasar Hausa. Wasannin da suka yi suna a cikinta, kokowa da dambe da sharo, duk a cikin da'ira ake yin su, inda makaɗi ke tsaye yana kallo daga farko har ƙarshe. Tun da aka soma kokowar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, babu ɗan kokowar da ya ɗaga takobi bai sami kiɗa da kirari ba, kuma tsofaffi na iya jero sunayensu ba tare da duba takarda ba. Mai gudun dogon zango kuwa, da ya sha kwanar farko ya ɓace wa makaɗi. Abin da ya same shi tsakanin kilomita ta 5 da ta 40, shi kaɗai ya sani, in bai faɗa wa mai alƙalami ba ya tafi ke nan. Nijar ta yi ɗan maraton da ya wakilce ta a wasannin Olimpik har sau uku, a Seoul a 1988, a Barcelona a 1992, a Atlanta a 1996. Sunansa Abdou Manzo, kuma da wuya a sami sunan da ya fi wannan dacewa da sana'ar Filifides. Ɗalibin da ke son sanin labarinsa, jerin sakamakon da aka adana a Turai zai fara dubawa, inda zai tarar da suna da lokaci da matsayi.

A koma Paris, shekara 17 kafin taron Sorbonne. A 1877 babbar majalisar masana ta Faransa, wadda Bréal ya shiga ɗaya daga cikin rassanta a 1875, ta ba da kyautar Volney, kyautar nazarin harsuna, ga wani limamin mishan Bajamushe mazaunin Ingila, James Frederick Schön, saboda ayyukansa kan harshen Hausa: nahawu a 1862, ƙamus a 1876. Schön ya taɓa hawo kogin Kwara a ayarin Ingilishi na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, amma bai taɓa taka Kano ko Katsina ko Damagaram ba. Hausar da ta cika littattafan nan, mafi yawanta a ɗakinsa na garin Chatham ya ji ta, daga bakin wani yaro.

Sunan yaron Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye na kusa da Kance, wato cikin ƙasar nan da ta haɗa Kance da Matamai da Dungu. Ubansa makaɗi ne mai ɗan noma. Zamani ne na hari da kame; James Richardson, shugaban ayarin Turawan da ya zauna Damagaram a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga ana shigo da bayi birni bayan wani hari da aka kai wa ƙauyukan ƙasar kanta. A irin wannan yanayi aka kama Dorugu yana ɗan shekara 11 ko 12, ya bi ta hannun iyayengiji har Kukawa, babban birnin Barno. A can wani Bajamushe na ayarin Richardson, Adolf Overweg, ya ƴanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a watan Satumba 1852, yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdul Karim.

Tafiyar da ta biyo baya, in aka shimfiɗa ta bisa taswira, sai maraton ya zama kamar zuwa rijiya. Sun bar Kukawa a ƙarshen Nuwamba 1852. Sun shigo Damagaram ranar 25 ga Disamba, suka yi wata guda a unguwar Birni, inda har yau ake nuna wurin da Barth ya sauka. Yaron yana tafiyar ƴan kwanaki kaɗan daga garinsu, amma yamma aka nufa da shi. Daga nan sai Katsina, sai Wurno da Sakkwato, sai Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba 1853. Bayan watanni na zaman ɗar-ɗar ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmad al-Bakkay, suka juyo ta Gawo da Sayi da Sakkwato da Kano, suka komo Kukawa a ƙarshen 1854. A watan Mayu 1855 suka fuskanci hamada ta Bilma da Murzuk har Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka isa Landan a watan Satumba. Barth bisa doki ya yi mafi yawan tafiyar nan. Yaron gida mai kula da raƙuma da kaya da tukunya, kowa ya san inda yake a ayari.

Barth ya fitar da nasa littafin a 1857 da 1858, juzu'i 5, shafi kusan 3,500, da Ingilishi a maɗaba'ar Longman ta Landan, da Jamusanci a ta Justus Perthes a Gotha. Babu littafin Bature na wannan ƙarni da ya fi shi amfani ga mai nazarin tarihin ƙasar Hausa da Barno, amma kasuwa ba ta duba wannan ba. A shekarar 1857 ɗin David Livingstone ya fitar da nasa, juzu'i guda mai zakuna da wa'azi, aka sayar da kwafi wajen 70,000. Na Barth, mai cike da sunayen ƙauyuka da farashin gero da jerin sarakuna, ya yi kwantai in aka gwada su. A cikin waɗannan dubban shafuka Dorugu ya fito nan da can, da sunan Dyrregu.

Schön ya karɓi yaran biyu a gidansa, abin da ya jawo saɓani tsakaninsa da Barth. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya zauna shekara takwas da wani abu. Schön na tambaya, yaro na faɗi, alƙalami na bi: kalmomi, karin magana, tatsuniyoyi, fassarar sassan Linjila da Attaura, sannan labarin rayuwarsa tun daga Dambanas har Ingila. A cikin wannan labari ne aka fara jin Bahaushe yana kwatanta Turai da harshensa, jirgin ruwa da jirgin ƙasa da yadda Turawa ke zaman cin abinci, yana kallonsu da irin idon da su suka saba kallon wasu. Yaro ne mai lura, ba ya ƙawa, ba ya kuka da kansa ko inda yake ba da labarin bauta, kuma wannan sauƙin baki ne ya sa labarin bai tsufa ba.

Shiftar ta kwanta kusan shekara 30. Sai a 1885 wata ƙungiyar yaɗa littattafan Kirista ta Landan ta buga ta cikin littafin Magana Hausa. Sunan da ke bisa bango na Schön ne. Adalci ya sa a faɗi cewa bai ɓoye yaron ba: a ciki ya rubuta cewa rayuwar Dorugu ce da tafiye-tafiyensa kamar yadda shi da kansa ya faɗa, kuma ba don haƙurin wannan limami ba, da babu ko layi ɗaya da ya saura. Amma kyautar Volney tasa ce, digirin girmamawa na jami'ar Oxford a 1884 nasa ne. Littafin ma ba don Hausawa aka buga shi ba. Masu karatu a ƙasar Hausa a lokacin da ajami suke karatu, bisa takardar Italiya mai tambarin wata uku da ayari ke kawowa daga Tarabulus ta Agadas da Damagaram, magwajin littafi kuwa hannun mai kwafe shi ne. Magana Hausa da baƙaƙen boko aka yi shi, masu ɗigo da layi sama da ƙasa, don ƴan mishan. Da Charles Robinson ya sake fitar da shi a 1906, shekara 3 bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, masu sayensa sun ƙaru da hafsoshi da jojoji masu shirin jarrabawar Hausa. Bakin yaron da aka kama a ƙasar Kance ya zama allon koyon masu mulki.

Shi kuwa mai labarin ya komo Afirka tun 1864, ya yi tafinta, a ƙarshe ya zauna Kano, inda ya koyar da karatun boko a makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909. A can ya rasu a 1912. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa da Ingilishi a maɗaba'ar jami'ar Yale, haɗe da na Maimaina sarkin Askira, wanda jikan Abbega ne.

Kafin sunan Bahaushe ya hau bangon littafin zube na boko, sai da aka yi gasar 1933. Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya biranen Arewa yana lallashin malamai su ƙago labari, abin da da yawansu ke gani aikin tsofaffin mata ne da dare. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abin sha'awa, uku na farkon duk labaran doguwar tafiya ne, kuma Shaihu Umar labarin yaro ne da aka sace aka ƙetara hamada da shi, kamar an ɗauko hanyar Dorugu an mai da ita ƙage. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939, kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar NORLA a shekarun 1950, kamfanin NNPC a 1966. Duk waɗannan da hukuma suka dogara, babban mai sayensu kuma makaranta ce. Littafin da ya shiga manhajar jarrabawa ya rayu, a yi ta sake buga shi. Wanda bai shiga ba ya tsaya a bugun farko.

Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka janye daga ƙagaggun labarai, sai marubuta suka yi abin da ba a taɓa yi ba: suka zama su ne masu rubutu, su ne masu bugawa, su ne manzanni. Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa, da ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Dabarar kasuwar mai sauƙi ce. A raba labari kashi biyu ko uku, a buga na ɗaya a ƙaramar maɗaba'a bisa takarda mai araha, a kai wa dillalan kasuwa bashi, in sun sayar su biya, da kuɗin a buga na biyu. Shi ya sa kowane kashi ke ƙarewa daidai inda zuciyar mai karatu ke rataye. Yunwar jari ce ta koyar da wannan salo. Malaman jami'a sun yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi na kushewa, Abdalla Uba Adamu na karewa, aka laƙaba wa abin adabin kasuwar Kano. Ana cikin muhawarar, littattafan suna cikin buhunan fatake tare da atamfa da takalman roba, suna bin hanyar Daura da Kwangwalam zuwa Matamai da Damagaram, suna bin ta Jibiya zuwa Maraɗi. Matan aure da ƴan mata da dama a wannan gefen iyaka, waɗanda lakwal ta koya wa baƙaƙe da Faransanci, a cikin waɗannan littattafai suka gano cewa baƙaƙen nan suna iya faɗin Hausa.

A gefen Nijar, aikin ta hannun hukuma da masu ba da tallafi ya biyo. An yi taron Bamako na 1966 kan daidaita rubutun harsuna. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. An tsayar da ƙa'idar rubutu a 1999. Cibiyar INDRAP ta yi littattafan aji, Abdou Mijinguini ya yi ƙamusunsa na Hausa zuwa Faransanci, maɗaba'ar Albasa a farkon shekarun 2000 da ta Gashingo bayanta suka fitar da labarai da tatsuniyoyi cikin harsunan ƙasa. Littattafai ne masu tsabtar rubutu, sun fi na Kano takarda da gyara nesa ba kusa ba. Sai dai a Yamai aka buga su, kuma tsakanin Yamai da Damagaram akwai kilomita kusan 900. Littafin da wani shiri ya biya kuɗin buga shi yana isa makarantun da shirin ya zaɓa, cikin kwali, sau ɗaya; ba shi da falke mai riba a kansa wanda zai komo neman ƙari. Wannan doguwar hanya ta taɓa cin marubuci: Abdoulaye Mamani, mai littafin Sarraounia da aka buga a Paris a 1980, a kanta ya rasu cikin haɗarin mota a 1993, ya taso daga Damagaram za shi Yamai karɓar kyautar Boubou Hama.

Wayar hannu ta rage wa littafi tafiya. Marubutan da a da ke ɗaukar ƙunshi zuwa kasuwa yanzu suna sakin labari babi-babi ta WhatsApp da Wattpad, mai karatu ya biya ta waya, kuma rufe iyaka irin na 2019 ko na 2023 ba ya tsayar da su. Amma tsohuwar cutar ta biyo su ta sabuwar hanya: labari na yawo daga waya zuwa waya an yanke sunan mai shi, ko wani ya karanta shi a YouTube ya ci kuɗin talla. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta fito da sunayen mata marubuta da dama. Alhaki Kuykuyo Ne ya sami fassarar Ingilishi ta hannun Aliyu Kamal a 2012, a wata maɗaba'a ta birnin Chennai na Indiya. A watan Maris 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, abin da ke nufin makarantu za su buƙaci littattafan karatu na Hausa fiye da kowane lokaci, kuma za a tambayi malamai da ƙungiyoyin al'adu me za a sa a ciki.

Magana Hausa ya daɗe da fita daga haƙƙin mallakar kowa. Ɗakunan karatu na Turai da Amurka sun ɗauki hoton shafukansa sun sa a intanet, malami a Dungu ko a Matamai na iya sauko da shi cikin wayarsa. Da ya buɗe, zai tarar da rubutun Schön na 1885: ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, kalmomi a haɗe inda ya kamata a raba, a rabe inda ya kamata a haɗa, kunnen Bajamushe yana bin bakin yaro da ƙyar. Ɗan aji shida ba zai iya karanta shi haka nan ba, sai an zauna an juye shi zuwa ƙa'idar 1999, layi bayan layi, an nemi tsofaffin ƙasar Kance su warware kalmomin da suka ɓace da sunayen ƙauyukan da suka sāke. Shafin farko na labarin yana farawa ne da sunan Dambanas, da sunan uban yaron, da na uwarsa.